An ƙi tallata sau uku a Google, yaron ya ce mu sayi wani akawun

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin tallar Google ku ba ni shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Humra da turaren wuta da turaren mai nake sayarwa a nan Kano, shekara huɗu ke nan ina yi ta Instagram da WhatsApp. Bayan ƙaramar sallah wani yaro ya buɗe min shafin intanet, ya ce mu gwada irin tallar nan da ke fitowa a sama idan mutum ya nemi abu, wadda ba a cire maka kuɗi sai an danna. Talla uku muka rubuta, duka aka ƙi su. Ya gyara ya mayar, aka sake ƙi. Ya kuma, aka kuma. Yanzu ya ce wai akawun ɗina ya yi baƙin jini, mu rabu da shi, akwai wani da ke sayar da tsohon akawun wanda ba a tsananta masa bincike, naira dubu tamanin. Ya kuma ce akwai dabarar da zai yi wa shafin, Google ya ga abu ɗaya, mai saye ya ga wani. Ni dai raina bai kwanta ba. In biya ko kuwa?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki biya ko sisi tukuna. Ki shiga akawun ɗin da kanki ki duba min abu ɗaya: akwai jan rubutu a can sama da ke cewa an dakatar da akawun, ko kuwa a gefen kowace talla ne kawai aka rubuta ba a amince ba?

Maman Husna: Babu jan rubutu a sama. A gefen tallar ne.

Injiniya: To alhamdu lillahi, lafiyar akawun ɗinki ƙalau. Ƙin talla abu ne na yau da kullum, har manyan kamfanoni ana ƙin tasu, su gyara su wuce. Abin da yaron nan yake son kai ki, shi ne ciwon da ba ya jin magani. Daga zazzaɓi zai kai ki makara.

Ɗan Farm Centre: Injiniya ka cika tsoratarwa. Rabin yaran da ke wannan harkar da sayayyen akawun suke aiki, kuma suna cin abinci. Anti, in kin samu mai amana ki saya, a haɗa da VPN da sabuwar waya, shi ke nan.

Injiniya: Ƙanena, zan dawo kanka. Hajiya, turo mana abin da aka rubuta a tallar yadda yake, ki goge lambar wayarki.

Maman Husna: Ta farko da manyan baƙaƙe duka ya rubuta: HUMRA MAI ƘAMSHI DA KAMA JIKI, ya jera alamar motsin rai guda uku, sai "kira yanzu" da lambata. Ta biyu ta turaren mai ce, ya sa sunan wani babban kamfanin turare na Faransa, ya ce namu kwafinsa ne sak a kan kuɗi kaɗan. Ta uku ta turaren wuta ce. Duka in ka danna, kai tsaye WhatsApp ɗina zai kai ka, don na ce masa ni a can nake ciniki.

Malama Rabi: Inna lillahi. 'Yar'uwa, laifi biyar na ƙirga a nan, kuma ɗaya daga ciki Allah ne ya rufa miki asiri.

Injiniya: Ni ma biyar. Bari in fara da ƙananan. Rubuta jimla gaba ɗaya da manyan baƙaƙe, da jera alamar motsin rai, duk ƙa'idar rubutunsu ta hana. Lambar waya a cikin jikin talla ita ma ba a yarda ba, akwai gurbi na musamman da ake sa ta, ta fito da maɓallin kira. Waɗannan gyaran minti biyar ne.

Sai maganar WhatsApp. Adireshin da talla ta nuna wa mutum dole ya zama can zai sauka. Idan talla ta nuna sunan shafinki, mutum ya danna ya tsinci kansa a wa.me, wato linkin WhatsApp, an saɓa. Akwai na'urarsu mai suna AdsBot da ke bin kowane linki ta ga inda ya kai, kamar yadda dillali zai bi ka har gida ya ga kayan da ka ce kana da su. Kuma ko da an sauke mutum a shafinki, in babu komai a ciki sai hoto ɗaya da maɓallin "latsa nan", shi ma suna ɗaukarsa gada ce kawai aka yi don tsallakar da mutane, ba shago ba. Abin da ake so: mai nema ya sauka a shafin humra, ya ga kwalabe, ya ga girmansu da farashinsu, ya ga wace ce ke, a wane gari kike, yadda ake aikawa, da abin da za a yi idan kwalba ta fashe a mota. Sannan ki sa maɓallin WhatsApp ɗinki a ƙasa, babu mai hana ki.

Malama Rabi: Na biyar ɗin shi ne harshe, kuma shi ya fi yi min ciwo a matsayina na wadda ta karanta Hausa. Google Ads yana da jerin harsunan da yake karɓar talla da su. Akwai Larabci, akwai Faransanci, akwai Urdu da Hindi, babu Hausa. Talla ko shafin da aka rubuta da harshen da ba ya cikin jerin ana iya ƙin sa da wannan dalilin kaɗai. Yadda muke yi, a rubuta tallar da shafin da Turanci mai sauƙi, a bar sunayen kaya yadda suke. Humra humra ce, turaren wuta turaren wuta ne, kuma su ɗin za ki sa a kalmomin nema tunda su mutane ke rubutawa.

Ɗan Farm Centre: Malama ni da idona na ga talla da Hausa a Google.

Malama Rabi: Ni ma na gani. Kai ma ka sha wuce danja ba a kama ka ba, ai ba shi ya halatta ba. Talla na iya wucewa yau, bayan wata biyu a sake bi ta kanta a tsayar.

Sadiq ɗalibi: Malama, ai biyar ɗin sun cika ba a ambaci na turaren Faransa ba.

Malama Rabi: Ka yi gaskiya ɗana, shida ke nan, lissafina ne ya zame. Kuma shi ne babban. Maman Husna, kalmar "kwafi" a gefen sunan kamfani, a wajensu jabun kaya kike talla da bakinki. Jabun kaya yana cikin laifuffukan da suke kira masu muni, waɗanda ake rufe akawun a take babu gargaɗi, kuma ba a sake barin mutum ya yi talla. Tunda tallar kawai aka ƙi, ki goge ta yau ɗin nan, kar ki ce za ki gyara. Ki kuma shiga shafin ki cire sunayen daga kan kwalabe da bayanin kaya, don ba talla kaɗai suke karantawa ba.

Maman Husna: Ikon Allah. To ai duk kasuwa haka ake kiran turarukan nan, da sunan nasu na waje. Mai saye ma da sunan yake tambaya. In na cire yaya za a gane?

Malama Rabi: Na sani, ni ma haka nake tambaya in na je saye. Amma abin da ake faɗa a bakin teburi daban, abin da aka rubuta aka biya kuɗi aka yaɗa daban. Ki ba su sunayenki, ki siffanta ƙamshin: mai oud, mai sandal, mai sanyi, na rana, na dare. Ko ki bar turaren mai a WhatsApp, ki yi talla da humra da turaren wuta, waɗanda haɗinki ne, babu mai ƙarar ki a kansu.

Alhaji Mai Tikiti: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Injiniya, a taimaka wa tsoho, ni har yanzu ban rarrabe ba. Ana cewa hukunci, hukunci. Kala nawa ne?

Injiniya: Ranka ya daɗe, mutane suna cakuɗa abubuwa ne. Akwai ƙin talla, irin na Hajiya: talla ɗaya ce ta tsaya, sauran suna tafiya, ka gyara a sake dubawa, yawanci cikin kwana ɗaya na aiki. Akwai dakatar da akawun: komai ya tsaya, kana iya shiga ka ga tarihi, amma ba ka iya talla. A ƙananan laifuffuka suna ba da gargaɗin aƙalla kwana 7 kafin su kai ga haka, a manya kuwa babu sallama. Tsakanin biyun akwai tsarin bulala uku da suka fara a watan Satumba na 2021 a kan wasu dokoki, irin su makamai, taba, haramtattun magunguna da taimaka wa ha'inci. Karon farko gargaɗi ne. Ka maimaita, a riƙe akawun kwana 3. Ka sake cikin kwana 90, a riƙe kwana 7. Ka sake, a rufe.

Sai wani wanda ba a rubuta shi da sunan hukunci ba amma aljihu ke jin sa: makin inganci, daga 1 zuwa 10, da ake ba kowace kalmar nema. Abu uku ake dubawa, yadda ake sa ran mutane za su danna, yadda tallar ta dace da abin da aka nema, da yadda shafin da aka sauka yake. In waɗannan sun lalace, za ka riƙa biyan kuɗi fiye da maƙwabcinka kuma kana fitowa a ƙasansa, ko ma ba ka fitowa. Babu wanda zai aiko maka da takarda. Mutum ya sa kalmar "turare" tsurarta, tallarsa ta riƙa bayyana ga mai neman kaskon turare na lantarki, ya kuma sauke kowa a shafin farko maimakon shafin kayan da aka nema, wannan da hannunsa ya ci kansa tara.

Alhaji Mai Tikiti: Madalla, Allah ya yi albarka. To ni da nake son tallar biza ta Umara fa?

Injiniya: A nan a taka a hankali Alhaji. Suna da doka a kan takardun da gwamnati ke bayarwa, fasfo, biza da makamantansu. Ba kowa ake bari ya yi tallar samo wa mutane su ba, sai hukuma ko wanda hukuma ta wakilta kuma aka tantance shi. Ka gina tallar a kan tikiti da masauki da jigila, shafin ma haka, kar a yi masa ado da tambarin wata ƙasa har mutum ya zaci ofishin jakadanci ya shiga.

Ɗan Farm Centre: Duk wannan karatun naku na masu kuɗi ne. Talaka da ke son ya ga ciniki gobe ba shi da lokacin gina shafi mai sharuɗɗa.

Injiniya: To na ce zan dawo kanka. Fisabilillahi, kai da ka ce a saya, ka taɓa saya?

Ɗan Farm Centre: Na taɓa.

Injiniya: Yana ina yanzu?

Ɗan Farm Centre: Kai Injiniya ba ka da kirki wallahi. To bari in faɗa tunda an titsiye ni. Bara na saya wajen wani da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Kwana tara yana aiki, kira har ina gajiya da ɗagawa. Rana ta goma ina cikin canza wa wata mata gilashin waya, na leƙa na ga jan rubutu. Ashe akwai bashin da aka ci a kansa ba a biya ba, kuma sunan da ke jiki na wani ne a wata ƙasa. Na nemi mutumin, ya toshe ni. Sai na buɗe sabo da imel ɗina, na sa katina, na sa shafin nan dai. Kwana biyu shi ma ya tafi. Na buɗe da sunan ƙanena, ko tallar farko ba ta fita ba.

Malama Rabi: Kuma shi ne kake tura baiwar Allah ta bi sahunka? Wanda ya faɗa rijiya ai ihu ya kamata ya yi, ba ya ce a shigo akwai sanyi ba.

Ɗan Farm Centre: Malama ni kuskuren da na yi ban canza kati da shafi ba ne.

Injiniya: A'a, kuskurenka na farko sayen ne, na biyu buɗe sabon. Buɗe wani akawun bayan an dakatar da kai, shi kansa laifi ne mai zaman kansa, suna kiransa zagaye tsari, kuma yana cikin masu munin nan. Da kana da laifi ɗaya wanda za ka iya yi wa bayani, yanzu kana da uku. Suna haɗa akawun da akawun ta kati, ta adireshin biya, ta sunan shafi, ta imel, ta akawun ɗin manaja da ya riƙe su. Ka kuma shafa wa ƙanenka kashin kaji, randa ya tashi tallar kansa zai tarar da tarihi yana jiransa.

Dabarar da yaron Hajiya ya ambata, a nuna wa na'ura fuska ɗaya a nuna wa mutane wata, ita ma a wannan babin take. 

Sannan kai akwai abin da ba ka sani ba. Tun 2018 suka fara taƙaita tallar masu gyaran na'urori waɗanda ba su ne kamfanin da ya ƙera ba, saboda 'yan damfara da ke kiran kansu ma'aikatan manyan kamfanonin kwamfuta suna cutar tsofaffi a Turai da Amurka. Gyaran waya ya faɗa ciki. Ko da akawun mai tsafta ne, da wuya tallar gyara ta zauna. Da ka yi tallar sayar da caja da gilashi da batir, ka kuma yi wa shagonka rajista kyauta a taswirar Google, da ya fi maka.

Ɗan Farm Centre: Ka ga irinta ko? Wani ya yi ɓarna a can, mu a nan mu sha dukan. Ni abin da nake cewa ke nan, na'ura ce ke yanke hukunci, ba ta san mai gaskiya ba.

Malama Rabi: A wannan gaɓar ba zan ƙaryata ka gaba ɗaya ba. Rahotonsu na 2023 ya ce sun toshe ko sun cire talla biliyan 5.5, sun dakatar da akawun miliyan 12.7. Na 2024 ya ce akawun miliyan 39.2. Duk aikin da ya kai wannan yawa, tsintsiya ce, za ta haɗa da abin da ba shara ba. Shi ya sa aka yi hanyar afil, wato ɗaukaka ƙara don a sake dubawa. Amma afil na wanda takardunsa suka yi daidai ne. Wanda ya sayi akawun da sunan baƙo, me zai nuna?

Issoufou Maradi: Salamu alaikum, ina gaida mutanen Najeriya. Mu nan da Faransanci muka yin tamu, matsalar harshe ba ta same mu ba. Amma ga abin da ya faru gare ni, ko wani shi amfana. Ina saida kayan sola. Talla tana tafiya lafiya wata huɗu, rana guda ta tsaya, anka ce shafina na da cuta. Ni ban taɓa komi ba. Da munka bincika, ashe wanda ya gina mini shafin a WordPress, manhajar gina shafuka, bai sayi rigar shafin ba, wato tsarin kamannin shafin, ta sata ya sauko da ita kyauta, ni kuwa ya amshi kuɗinta. Cikinta akwai ƙofar da masu kutse sunka shigo, sunka dasa linki na caca. In ka buɗe da kwamfuta ba ka ganin komi, in ka shigo da waya daga Google sai ta jefa ka wani wuri. Sai da munka share komi, munka sake gini, munka canza kalmomin sirri, sannan munka nemi a sake dubawa.

Injiniya: Sannu Malam Issoufou, wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Duk mai shafi ya haɗa shi da Search Console, kayan aikin Google na duba lafiyar shafi, kyauta ne, akwai sashen tsaro da zai gaya maka in an ga wani abu. Hajiya, ki tambayi yaronki daga ina ya samo rigar shafinki. Mutumin da ke da wanda ke sayar masa da akawun, ban yi tsammanin ya sayi riga da kuɗinsa ba.

Sadiq ɗalibi: Tambaya don Allah. An ce in kana kashe kuɗi a talla, Google zai ɗaga shafinka a sakamakon kyauta, in kuma aka rufe maka akawun zai binne shafin. Gaskiya ne?

Malama Rabi: Ba gaskiya ba ne, gida biyu ne kowa da ƙofarsa. Da kuɗi na sayen sassauci, da ba a taɓa manya ba. A 2006 an cire shafin BMW na Jamus daga sakamakon nema saboda shafukan yaudara da aka yi don na'ura. A 2011 an durƙusar da kantin J.C. Penney na Amurka bayan jaridar New York Times ta tona dubban linki na bogi da ke nuna shi. A farkon 2012 Google ya hukunta shafinsa na Chrome da kansa, na aƙalla kwana 60, saboda wani kamfe na rubuce-rubucen da aka biya.

Inda talla ke iya jawo wa shafi hukunci a ɓangaren kyauta shi ne nan: ka biya mai shafin labarai ya rubuta a kanka ya sa linki zuwa gare ka, ba a yi wa linkin alamar cewa na kuɗi ne ba. Alamar ita ce rel="nofollow", wadda ake da ita tun 2005, ko rel="sponsored" da aka ƙaro a 2019. Idan babu, sayen linki ne, kuma sun daɗe suna farautarsa. Amma linkin tallar Google Ads ba ya ƙara wa shafi daraja, ba ya rage masa.

Maman Husna: Na gode ƙwarai, kaina har ya yi nauyi. Akwai abin da nake jin kunyar faɗa. Da ma na shirya in talla ta fito in sa 'yan gidanmu da ƙawayena su riƙa dannawa don ta yi farin jini.

Alhaji Mai Tikiti: Hajiya ai ko ni da ban iya ba na san wannan kamar ka sayi kayan shagonka ne da kuɗinka kana murna an yi ciniki.

Injiniya: Alhaji ya gama magana. Wanda suka gane na banza ne za su tace shi, wanda ba su gane ba ke za ki biya. Ko yawan neman tallarki don ki gan ta ba shi da amfani, kina tara mata fitowa babu dannawa. Akwai wurin gwaji a cikin akawun da zai nuna miki yadda take fitowa a kowane gari ba tare da an ƙirga ba. Masu shafin da ke karɓar talla ta AdSense kuwa, su danna tallar kansu na iya jawo a rufe musu akawun.

Sai maganar biya, wadda ita ta fi cin mutanenmu. Katin da za ki sa ya zama naki, sunan da ke jiki ya dace da sunan da ke bayanan biya. Kar a yi ta sauya kati yau wannan gobe wancan. Kar ki karɓi katin dala na aro wanda mutum goma suka yi amfani da shi, in ɗaya ya yi ɓarna duk ya shafa muku. Ki bar kuɗi a ciki kada a zo cira a tarar wayam. In kin ga an cire abin da ba ki gane ba, ki fara duba lissafin cikin akawun kafin ki ce banki ya janyo kuɗin, don janyowar nan tana sa a dakatar. Af, kuma kada ki firgita in kin ga an kashe fiye da kasafin rana, suna iya kai wa ninki biyu a yini ɗaya, amma a wata ba za a caje ki fiye da kasafin sau 30.4 ba. Shawarata ki yi rajistar CAC, hukumar rajistar kasuwanci, kafin Google su nemi tantance ko ke wace ce.

Malama Rabi: A nan na saɓa da kai Injiniya. Rajista abu ne mai kyau, amma ba sharaɗi ba ne. Tun 2020 da suka faɗaɗa tantancewa ga duk masu talla, mutum na iya yi da sunansa da katin shaidarsa na gwamnati. Abin da ke kayar da mutane shi ne a buɗe bayanan biya da sunan kasuwanci alhali babu takardar da ke ɗauke da sunan, ko a buɗe da sunan yaron da ya yi aikin. Maman Husna, da sunan wa aka buɗe?

Maman Husna: Yanzu na duba. Imel ɗin nawa ne, amma wajen biya sunansa ne da katinsa. Ni nake tura masa naira.

Malama Rabi: To kin gani. Wannan ya fi duk manyan baƙaƙen nan haɗari. Randa aka ce a kawo shaida, akwai wa'adi, in ya wuce tallarki ta tsaya, kuma shaidarsa za a nema ba taki ba. In kuma yana da wani akawun da aka taɓa rufewa da katin nan, kina zaune a kan ƙaya. A mayar da komai sunanki yanzu da ba a kashe ko kwabo ba. In zai ci gaba da yi miki aiki, ki gayyace shi da nasa imel ɗin, ki ba shi izinin aiki, ikon mallaka ya zauna a hannunki.

Injiniya: Na karɓi gyara. Amma ni da zan ba da shawara, yaron da ya kawo maganar fuska biyu a sallame shi.

Malama Rabi: Wataƙila jahilci ne ba mugunta ba, a bidiyo ya gani. A tura masa wannan zaren ya karanta. Ni abin da ma zan ƙara, kafin ki zuba kuɗi ki buɗe Keyword Planner ki ga mutum nawa ke neman humra a Google a wata. Humra kayan ido da hanci ce, an fi sayenta don an ga hoto ko an ji a jikin wata a gidan biki. Mai sola irin Malam Issoufou da mai tikiti irin Alhaji, su ake nema da rubutu. Ki fara da kaɗan, ki taƙaita garuruwan da kike iya aikawa, sati biyu ki ga abin da ya shigo.

Admin: Jama'a a kula, mutum biyu sun turo tallar sayar da akawun a ƙarƙashin zaren nan, na goge na kuma fitar da su. Duk wanda aka bi ta inbox ya sanar da ni.

Ɗan Farm Centre: Injiniya, tsakani da Allah, nawa akwai sauran magani?

Injiniya: Ban yi maka alkawari ba. Ka daina buɗe sababbi, wannan na farko. Ka koma wanda ke da sunanka na gaskiya, ka cire tallar gyara daga shafin, ka biya duk abin da ake bin ka, ka cike fom ɗin afil sau ɗaya ka faɗi abin da ya faru yadda ka faɗa mana nan, har da sayen, ka lissafa sauran akawun ɗin. Kar ka yi ta aikawa kullum, ka jira amsa. A irin laifinka ba kasafai ake mayarwa ba. In ba a mayar ba akwai Microsoft Advertising, wanda da ake kira Bing Ads, sai dai su ma da nasu dokokin, kuma masu nema a can ba su kai ba.

Maman Husna: Salam, na dawo da rahoto. Shekaranjiya na zaunar da yaron, ya karanta komai, ya yi shiru, ya ce rigar shafin ma ta kyauta ce ya sauko da ita daga wani wuri, ya cire ya sa wata daga cikin WordPress ɗin. Mun goge tallar turaren mai, mun mayar da biya sunana, 'yata ta taya ni rubuta bayanin kaya da Turanci, mun sa farashi da yadda ake aikawa. Ta humra an amince da ita yau da safe. Ta turaren wuta har yanzu ana dubawa.

Injiniya: Ki bar ta, kar ki taɓa. Duk gyaran da kika yi sabon layi za ta bi.

Alhaji Mai Tikiti: Ma sha Allah. Hajiya, humrar nan nawa ce ƙaramar kwalba? Uwargida ta leƙo wayata ta ga ana maganar.

Admin: Alhaji, ciniki a inbox don Allah.